Shuɗin Baki a Gidan Matumelo

Aron rariya ne ya kai ni gidan Matumelo a safiyar nan, ba gulma ba, ko da yake mutanen ƙauyenmu za su rantse cewa ni da gulma cibiyarmu ɗaya. Na tarar da Seipati, matar ɗanta marigayi Tumelo, zaune a bayan ɗaki cikin baƙaƙen kayan takaba, da kwanon tuwon masara a cinya. Ta gutsuri ɗan kaɗan, ta dama shi da ruwa har ya koma kunu, ta kai baki, ta runtse ido. Na ga maƙogwaronta ya yi sama ya tsaya, hawaye suka zubo mata.

Na ce, "Ke Seipati, tuwon ne ya yi miki laifi?"

"Ba komai, Mme Mafusi." Mme a yarenmu uwa ke nan, haka ake kiran kowace babbar mace.

"Ba komai ba ya sa mutum kuka a kan tuwo. Buɗe bakin in gani."

Ta ja gefen bargo ta rufe fuska. Ni kuwa da na yi renon 'ya'ya da jikoki, ba a ɓoye mini baki. Na kama haɓarta na juya ta wajen hasken rana. Harshen nan fari fat, kamar an zuba kindirmo an bar shi ya kwana. Farin ya bi dasashi, ya hau ganɗa, ya gangara can ciki inda ido ba ya kaiwa. Gefen leɓɓanta duk ya tsage.

Na san wannan farin. A duwatsun nan namu na Lesotho mun binne isassu da shi. Mazanmu kan dawo daga ramukan zinariya na Welkom, can Afirka ta Kudu, a rame, suna tari, sai mu ce ƙurar rami ce. Haka aka ce da Tumelo. Amma ni na leƙa bakinsa kafin ya rasu, kuma ƙura ba ta fito wa mutum fara a harshe. Ƙanjamau ce, sunan da kowa ya sani, ba mai son ya riga wani faɗa.

Abin da ya hana ni zama shi ne, a shekarar nan magani ya riga ya iso ƙaramin asibitin da ke hayin kogi. Da idona na ga waɗanda aka tura can a baro sun dawo da ƙafafunsu, har suna faɗa a kan ruwan rijiya. Na manta da rariya, na nufi ɗakin Matumelo.

Matumelo ita ce shugabar matan zumunta a cocinmu. Ba ta ɗaga murya, da murmushi take yanka. Na same ta tana goge jar rigar zumunta da dutsen guga.

"Mme Matumelo, kin ga bakin surukarki kuwa?"

"Na gani. Zafin ciki ne. Yarinya ta rasa miji, dole jiki ya nuna."

"To, a kai ta asibiti a kashe zafin."

Ta ajiye dutsen guga a hankali, ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Haba Mafusi. Ke ma fa kin yi takaba. Ta ina za ta bi? Hanyar kogi ta tsakiyar gonaki take, ga masara ta fara bunni. Mai baƙaƙen kaya ta ratsa shuka, so kike ƙanƙara ta sauko ta cinye wa gari abinci? Kuma ko da asuba ta tashi, kafin ta bi layi ta dawo, rana ta faɗi. Yaushe aka taɓa yi mai takaba ta ga faɗuwar rana a waje?"

"To sai yaushe?"

"In sanyi ya shigo, aka girbe, danginta suka cire mata kayan, ta je duk inda take so."

A lokacin muna tsakiyar damina ne. Tsakaninmu da sanyi akwai watanni. Na ce, "Harshen nan ba zai jira sanyi ba."

"Ubangiji ke riƙe da rai, ba harshe ba," in ji ta, ta ci gaba da gugarta.

Ina fitowa idona ya sauka a kan shantar kwanuka. Kofuna duk suna jere wuri ɗaya, sai wani kofin ƙarfe guda can gefe shi kaɗai, an ɗaura masa jan zaren ulu a hannu, da cokali a ciki shi ma da jan zare. Na tambayi Puleng, matar Lebona ƙanin marigayi, wadda ke wanke-wanke a wurin, na wane ne wannan.

Ta ce, "Na yayarmu ne, Ausi Seipati," ba ta ɗago kai ba.

"Zafin ciki ne ake ware wa kofi?"

"Ni dai abin da aka ce in yi nake yi, Mme."

Ruwa ba ya tsami banza. Sun sani sarai. Sun san isasshen da zai sa su ware kofi, kofin da ba ya ɗaukar wa kowa komai, amma ba su san isasshen da zai sa su buɗe mata ƙofa ba.

Daga ranar nan ƙafata ta ƙi zama. In na ɗauki fartanya sai in ajiye, in na ɗora tukunya sai ta ƙone. Gidana da nasu katangar duwatsu ce kawai a tsakani, kuma na maishe ta wurin tsayuwa. Ta kan katangar nan na jiyo wani sauti wata safiya, kamar ana danne akuya. Na haura.

Sun zaunar da Seipati a kan turmi. Puleng ta riƙe mata kai, Matumelo ta naɗe tsumma a yatsa, tana dangwalo toka da gishiri tana dirzar harshen. Farin yana fita, jini yana biyowa. Seipati ba ta yi ihu ba, don mai takaba ba ta ɗaga murya. Ƙafafunta ne kawai ke tonon ƙasa. 'Yarta Neo, wadda ba ta kai shiga makaranta ba, tana maƙale a bakin ƙofa da yatsa a baki.

Na ce, "Wannan tukunya kuke kankarewa ko mutum?"

Matumelo ta ɗaga tsumman ta nuna mini. "Ga shi ya fita. Dauɗa ce. Haka uwata ta yi mana muna yara. Ba sai an je an tona wa kai asiri a gaban 'yan matan asibiti ba."

"Wane asiri? Ba kin ce zafin ciki ba ne?"

"Mafusi, bakinki ya fi ƙafarki sauri. Je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri."

Kafin jibi farin ya dawo, ya fi na da kauri, a kan ɗanyen rauni. Seipati ta bar tuwo gaba ɗaya. Kunun dawa mai tsami da ta fi so, in ya taɓa bakinta sai ta zabura kamar ta sha wuta. Ta koma ruwan ɗumi da ɗan sukari, shi ma sai ta riƙe shi a baki ta yi ta shawara kafin ta haɗiye. Miyau ya fara fin ƙarfinta, tana yawo da gwangwani tana tofarwa.

Na tari Lebona a bakin garke yana ɗaura wa dokinsa sirdi. Shi ma tsohon ɗan rami ne, an sallame shi, ya dawo ya zama mai gidan, ana ce masa Ntate, wato baba.

"Ntate Lebona, ka ɗora matar wanka a dokin nan. Kafin rana ta karkata kun je kun dawo."

Ya yi dariya. "Mme Mafusi ke nan, asibitin ƙauye. Mai takaba a kan dokina? In ya karye a kwazazzabo ke za ki ba ni wani?"

"Ita in ta mutu kai za ka ba Neo wata uwar?"

"Maganar takaba ta mata ce, ni ba na shiga. Abin da uwata ta ce shi ke nan." Ya ja linzami, sannan ya sunkuyo ya rage murya. "Kuma ki sani, wana ƙurar rami ce ta kashe shi. Duk wanda ya ce wani abu daban, da ni yake."

A nan na gane inda gizo ke saƙa. Ba masarar gari suke tsaro ba, sunan mamaci suke tsaro. In aka ga Seipati a layin asibitin nan, an san abin da ya kashe Tumelo, ɗan shugabar zumunta, wanda aka yi wa wa'azi mai daɗi a kan kabari. Gara mai rai ta bi shi da a ce ga abin da ya kai shi.

Na je wurin mai gari, ya ce maganar cikin gida ce. Na aika wa dangin Seipati saƙo ta bakin direban motar da ke zuwa yankinsu. Amsar da ta dawo gajeriya ce: sun karɓi shanun aurenta sun ci, ba su da bakin magana sai lokacin cire kaya ya yi.

Sai na ɗaura bargona na tafi asibitin da kaina. Na ratsa gonakin, na tsallake kogi, gwiwoyina suna zagina. Ma'aikaciyar jinyar, wata doguwa mai gajiya a ido, ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Nkhono," wato kaka, "wannan fumfuna ce da ke tsirowa a baki in garkuwar jiki ta faɗi. In har haɗiya ta fara gagararta, ta sauka maƙogwaro ke nan. Akwai ƙwayar da ke kashe ta, akwai kuma maganin babban ciwon. Amma sai na gan ta, na ɗebi jininta. Ba na ba da su a saƙo."

"Ba za su bar ta ta zo ba."

"Ni kuma in na rufe nan na hau dutse, ki dubi waɗanda zan bari." Ta nuna layin da ya zagaye ɗakin har waje. Ta buɗe kabad ta ba ni wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa, shuɗi mai duhu kamar na marina. "Ki shafa mata a harshe da dasashi, safe da yamma. Zai sassauta mata bakin ta samu ta ci. Ba warkewa ba ne, jinkiri ne kawai. Ku kawo ta, ko a baro ne."

Kowa a yankinmu ya san shuɗin nan. Yana rina leɓe da haƙora, ba ya wankuwa da wuri, kuma a shekarun nan duk babban da aka gani da shuɗin baki an gama karanta shi. Na san haka. Amma na yi sa'a, Matumelo ta tafi taron zumunta a babban coci, za ta yi kwanaki.

Da gashin kaza na shafa mata. Seipati ta riƙe hannuna da ƙarfi har na gama. Puleng tana tsaye daga nesa tana kallo, ta ce, "Ni fa ban ga komai ba."

Na ce, "Dama yaushe kika taɓa gani?"

Ba a jima ba farin ya fara ja da baya. Wata safiya na leƙa ta katanga na ga Seipati zaune a rana da kwanon kunu, tana kurɓa kaɗan-kaɗan, ba runtse ido. Neo ta hau cinyarta tana leƙen bakinta.

"Mme ta sha tawada! Mme ta sha tawada!"

Seipati ta yi dariya, dariyar farko tun da aka binne mijinta, da shuɗɗan haƙoranta duka a waje. Ta ce mini, "Mme Mafusi, ashe kunu yana da daɗi haka? Na manta." Ni ma na yi dariya, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido, na ce hayaƙi ne.

Ana cikin haka Matumelo ta dawo, kuma ba ita kaɗai ba. Ta taho da matan zumunta cikin jajayen rigunansu, wai su yi wa mai takaba addu'a. Suka shigo da waƙa. Seipati ta miƙe ta gaishe su, ta manta ba ta rufe baki ba. Waƙar ta mutu a tsakiya. Na ga mata suna satar kallon juna, wata ta gyara hula, wata ta ja jakarta jikinta.

Matumelo ta yi murmushinta. "Yarinyar nan da kwaɗayi, 'ya'yan itacen daji ta ci. Shiga ciki, 'yata, rana ta yi miki yawa."

Aka yi addu'ar a waje, a gurguje, ba wadda ta zauna shan shayi. Suna fita murmushin ya bi su. Ta shiga ɗakin Seipati ta fito da kwalbar, ta wurga ta kan juji. Sannan ta juyo kaina.

"Kin rina mini gida a gaban mutane. Kin ji daɗi?"

"Ta sha kunu yau. Ki tambaye ta."

"Kin sa an yi wa ɗana kallon mazinaci yana cikin kabari."

"Ɗanki ya riga ya tafi, Matumelo. Wannan tana nan."

"Ƙafarki ta sake taka gidan nan, sai mai gari ya ji dalili."

Na fita, amma ta juji na bi. Kwalbar ba ta fashe ba, toka ta tare ta. Na ɗauka na soke a ƙugu.

Daga nan aka daina barin Seipati zama a tsakar gida. Ɗakinta yana da 'yar taga da ke kallon katangata, ta nan muke magana in Matumelo ta tafi gona. Na miƙa mata kwalbar, ta girgiza kai.

"Za ta gani, Mme. Kullum sai ta ce in buɗe baki."

"To tashi mu tafi. Ina da baro. In tura ki har kogi, in na gaji in ja ki."

"In na fita ba izini, ba zan sake shigowa ba. Ta faɗa mini. Za su ce na kashe musu ɗa, na keta takaba, na jawo wa gari masifa. Su kore ni, su riƙe Neo. Kin san 'ya ta masu shanu ce."

"In kin mutu ma ai sun riƙe ta."

Maganar tana fita da kyar, kamar bakinta cike da auduga. "In na daure zuwa sanyi, zan fita da mutuncina, in riƙe 'yata. Sanyi ya kusa, ko?"

Na ce ya kusa. Ƙarya nake, masara ko gemu ba ta gama yi ba.

Sai ga ƙanƙarar da ake tsoro. Wata rana bayan azahar sama ta yi baƙi ƙirin ta bayan dutse, kafin a kora tumaki gida ta sauko, manya-manya kamar ƙwan kaza. Da ta ɗauke, gonakin da ke tsakaninmu da kogi sun kwanta, ganye ya zama zare. Mutane suka fito suna salati irin namu, suna kama kai. Allah ya gafarta mini, ni abin da ya fara zo mini shi ne hanya ta buɗe. Na haura katanga, na manta da an hana ni.

"Matumelo, ga shi ta sauko, kuma Seipati ko ƙofa ba ta taka ba. Yanzu babu shukar da za ta ɓata. A kai ta gobe."

Tana tsaye tana kallon gonarta da ta lalace. Ba ta ko juyo ba. "Ba ta taka ƙofa ba? Wa ya zauna a tsakar rana da baƙaƙen kaya yana ɓaɓɓaka dariya, da rinannen baki? Ke da ita kuka kira wannan. Yanzu ne ma za ta zauna."

Lebona ya ce, "Mme, ki tafi tun ina ganin furfurarki."

Haka suke. In ƙanƙara ba ta zo ba, a tsare ta kada ta zo. In ta zo, a tsare ta don ta zo. Na koma gida cike da haushi, na rasa abin da zan fasa, na shuri bokiti na ji wa yatsana ciwo.

Bayan nan sai fuskar da ke taga ta yi ta ƙanƙancewa. Ruwa ma ya koma abokin gaba. Takan jiƙa tsumma ta tsotsa. Tari ya shigo, zawo ya biyo. Wata rana ta kira ni da hannu, na kara kunne a taga.

"Neo ba ta son ɓawon tuwo, Mme. Suna ba ta, tana ɓoyewa a bargo. Ki gaya wa Puleng."

"Ke za ki gaya mata da bakinki in kin tashi."

Ta yi ƙoƙarin murmushi, leɓen ya tsage, ta bari. Washegari ba fuska a taga. Na yi ta kai da kawo a gindin katanga har rana ta yi tsaka, ba wanda ya ce mini komai. Kwana kaɗan bayan haka, da hantsi, na ji Puleng ta fasa kuka. Ganyen itatuwa bai ko fara zuba ba, balle sanyi.

A wajenmu ba a binnewa nan take, sai an kai gawa ɗakin ajiya a jira dangi su taru. Ɗakin ajiyar kuwa yana hayin kogi, katanga ɗaya da asibitin. Lebona ya ɗaura shanu a amalanke, aka naɗe Seipati a bargo, da baƙaƙen kayanta a jiki don ba wanda ya isa ya cire su, aka ɗora. Rana tana tsakiyar kai suka tashi. Na tsaya a kan katanga ina kallonsu suna ratsa gonaki, ta hanyar nan da aka ce ba ta biyuwa. Ba wanda ya ambaci ƙanƙara. Ba wanda ya damu ko rana za ta faɗi ta same ta a waje. Hanyar da ta gagari mai rai wata da watanni, gawa ta bi ta a yini ɗaya, kuma Lebona ya dawo da shanunsa lafiya lau.

Ranar jana'iza aka kafa rumfa, aka yanka saniya, danginta suka zo da manyan barguna suna kuka kamar ba su aka aika wa saƙo ba. Al'adarmu ce kafin a rufe akwati wanda ya yi jinyar mamaci ya miƙe ya gaya wa jama'a yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Matumelo ce za ta yi wannan.

Kafin in fito daga gida na tsaya gaban madubi, na buɗe 'yar kwalbar, na tsoma gashin kaza. Na shafa a harshe, na shafa a dasashi, na bi leɓɓana sama da ƙasa har suka rine. Yana da ɗaci, ashe. Na ja bargo na rufe baki, na je na zauna a layin gaba, daidai inda mai magana ke tsayawa.

Matumelo ta miƙe cikin jar rigarta. "'Yan'uwa cikin Ubangiji, 'yata Seipati baƙin ciki ne ya ci ta. Tun da mijinta ya tafi ta ƙi abinci. Ba irin roƙon da ban yi mata ba. Da hannuna nake wanke mata baki. Ba abin da muka rage ta da shi a gidan nan..."

Sai na sauke bargon. Na dube ta kawai, na buɗe baki na bar shi a buɗe.

Maganar ta yanke. Ta kau da kai, ta sake dawowa, shuɗin yana nan. Na juya a hankali na dubi matan zumunta ɗaya bayan ɗaya, na dubi Lebona, na dubi dangin da suka ci shanu. Rumfar ta yi tsit, har ana jin tafasar tukunyar nama daga bayan gida. Neo, da aka aske wa kai aka ɗaura wa baƙin ƙyalle a wuya, ta zame daga hannun Puleng ta nuna ni da yatsa.

"Irin tawadar Mme! Wadda Nkhono ta jefar a juji!"

Matumelo ta nemi kujera ta zauna. Fasto ya yi maza ya ɗauko waƙa, aka bi shi a warwatse. Ba a ƙarasa labarin jinya ba, kuma ba wanda ya nemi a ƙarasa.

Na san abin da aka ce a kaina bayan nan: tsohuwa ta haukace, ta wulaƙanta gawa, ƙila ma ita ma tana da shi. Su faɗa. Ba ni na wulaƙanta gawa ba. Yarinyar nan ba baƙin ciki ne ya kashe ta ba, kuma ba zan ɗora wa ciwon laifin duka ba, don maganinsa yana hayin kogi, ana hango rufin ɗakin daga ƙofar gidansu. Yunwa da ƙishirwa ta mutu da su a gidan da ke da rumbu, a hannun mutanen da suka fi jin kunyar launin leɓe a kan nauyin akwati. Al'adar da suka fake da ita, da ta tsaya musu a hanya ranar amalanke, tsallake ta suka yi ba ko waiwaye.

Da aka dawo daga maƙabarta na tsaya wanke hannu a bahon da aka ajiye a ƙofar gida. Mutane suna ba ni hanya fiye da yadda nake buƙata. Sai na ji an ja gefen bargona. Puleng ce, ta yi mini nuni da ido zuwa bayan garke. Na bi ta. Ta waiga dama, ta waiga hagu.

"Mme Mafusi, saura a kwalbar?"

"Wa za a shafa wa?"

Ta juya wajen hasken rana, ta buɗe baki. A gefen harshen, can wajen ciki, farin ya fara.

Na ce, "Ba kwalba za ki nema ba. Ɗauko bargonki, yanzu."

"Yanzu? Ana rabon nama, Mme Matumelo za ta neme ni. Me zan ce mata?"

"Ki ce ba ki ga komai ba."

Ta tsaya jim, tana kallon rumfar, tana kallon hanyar kogi. Sannan ta shiga ɗaki da sauri ta fito da bargo a kafaɗa. Muka bi ta gaban jama'a, ni da shuɗin bakina a gaba, ita a baya, muka gangara cikin gonaki rana tana tsaka.